Masu Sunan Shekara: Kwansul na Rum da Ranar da Aka Kashe Shi

Akwai hukuncin da aka saba yankewa a kan muƙamin kwansul na Rumawa, an maimaita shi har ya zama kamar hadda: wai muƙamin ya mutu tun ranar da Agustus ya tattara mulki a hannunsa, abin da ya biyo baya na shekara ɗari biyar da 'yan kai gawa ce aka naɗa wa rawani. Masu wannan magana sukan jawo labarin dokin Kaligula, wanda aka ce sarkin ya yi niyyar naɗawa kwansul, su yi dariya su wuce. A ganina an yi gaggawa. An ɗauka ran muƙamin yana cikin jan runduna ne kaɗai, aka manta da wani aiki da kwansul ya riƙe tun fil azal, wanda ba a raba shi da shi ba sai a ƙarni na shida: shi ke raɗa wa shekara suna.

Tarihin ba ya son dogon zance. A lissafin Rumawa, a shekara ta 509 kafin Miladiyya suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwiniyus, suka raba ikonsa tsakanin mutum biyu da za a riƙa zaɓa duk shekara. Burutus da Kolatinus ne na farko. Kowannensu na fita yaƙi, yana kiran majalisar dattawa, kuma yana da ikon taka wa abokinsa burki. Dogarai goma sha biyu ke shiga gaban kwansul ɗauke da damin sanduna da gatari a tsakiya, amma a cikin gari akan zare gatarin, kuma dogaran wata-wata ake karɓa-karɓarsu: wannan watan na wane, mai zuwa na abokinsa. A 367 aka buɗe ƙofa ga waɗanda ba 'ya'yan gidajen asali ba, Lusiyus Sekstiyus ya shiga a 366. Daga baya aka sa sharaɗin shekara arba'in da biyu da haihuwa, da tazarar shekara goma kafin mutum ya maimaita. Ƙaramin jakadan da ake kira da wannan suna a yau aron kalma kawai ya yi.

Mu nan mun ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya, kuma masu sukar tsarin da wannan ido suke kallonsa. Hujjarsu ita ce yaƙin Kanne na 216, inda Barro da Paulus suka riƙa karɓar jagorancin runduna kwana-kwana, Hanibal na Kartaj ya yi musu ƙawanya ya karkashe dubban Rumawa a yini ɗaya. Gaskiya ne an yi haka. Sai dai wannan tsari mai kai biyu shi ne ya ci gaba da fitar da sababbin jagorori shekara bayan shekara har Kartaj ta miƙa wuya a 201, kuma da ma Rumawa sun tanadi muƙamin mai cikakken iko na wata shida don ranar da gari ya yi zafi. Yini ɗaya bai isa ya zama alƙalin ƙarni biyar ba.

Abin da ya cancanci a tsaya a kai shi ne yadda Barume ke faɗin shekara. Ba ya ƙirga ta da lamba. In zai rubuta takardar bashi, ko doka, ko ranar haihuwa, cewa yake "lokacin da wane da wane ke kwansul". Ƙirga daga kafuwar birnin aikin masana ne, ɗan kasuwa bai san da shi ba. Mai giyar inabi kan rubuta sunayen nan biyu a wuyan tulu kafin ya jibge shi a ɗaki, shi ya sa Opimiyus, kwansul na 121, wanda a hannunsa aka hallaka Gayus Girakus da mabiyansa, ya wanzu a bakin mutane a matsayin sunan shekarar da inabi ya yi albarka. Kusan shekara ɗari biyu bayan nan marubuci Piliniyus ya ce akwai sauran giyar a ajiye, ta daskare kamar zuma. Haka masu ƙona tubali: a 123 Miladiyya an buga hatimin Aproniyanus da Paitinus a kan ɗanyen tubali ba adadi, har yau masu tonon kufai in suka juya tubali suka ga sunayen nan sun san lokacin da aka ɗora ginin. Mutanen biyu ba wanda ya tuna wani abu da suka yi, amma bango na riƙe da su.

Wannan 'yar jimla tana ɗauke da darasin siyasa a cikinta. Suna biyu ne, da "da" a tsakani, don haka kunnen yaro tun yana ƙarami ya saba cewa zamani ba na mutum ɗaya ba ne. Sunan kuma yana ƙarewa: ranar ƙarshe ta Disamba a naɗe shi, gobe a ɗauko wani. Sannan wanda ke son sanin shekara nawa ke tsakanin aukuwa biyu dole ya bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanto salsalar gida, ta yadda lissafi da tarihi suka zama abu guda. Jerin nan ne aka sassaƙa a marmara a zamanin Agustus, aka tono gutsattsarinsa a 1546, yana nan a gidan tarihi na tudun Kapitol. Kai, mafarin shekarar ma kwansul ya bi. Da a tsakiyar Maris sababbi ke kama aiki, sai yaƙin Sifaniya ya matsa a 153 kafin Miladiyya aka dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu don kwansul ya isa fagen daga da wuri. Duk mai sauya kalandar bango a wannan rana yana bin sawun wannan gaggawa ne.

Shi ya sa ma ɓarnar da aka yi wa muƙamin a ƙarshen jamhuriya an fi jin ta a sunan shekara. Mariyus ya riƙe shi sau bakwai, biyar daga ciki a jere daga 104 zuwa 100, suna ɗaya na ta dawowa kamar ba a wuce ba. A 59 Yuliyus Kaisar ya danne abokinsa Bibulus, aka karya sandunan dogaransa, aka juye masa kwandon kashi a ka, ya shige gida ya rufe ƙofa yana aiko da sanarwar cewa alamun sama ba su yi kyau ba. Masu barkwancin gari suka riƙa sa wa takardu kwanan wata da sunan Yuliyus da Kaisar, suka tsaga mutum ɗaya biyu don cike gurbin. Wannan raha ba za ta ba kowa dariya ba sai a garin da kunne ke jiran suna na biyu. A 52 aka naɗa Pompi shi kaɗai, a ranar ƙarshe ta 45 kuma Kaisar ya naɗa Rebilus na 'yan sa'o'i, Sisero na yi masa ba'a cewa don tsabar kula da aiki bai runtsa ba duk tsawon mulkinsa.

To me sarakunan daula suka yi? Iko kam sun kwashe, ba musu: Tiberiyus ya mayar da zaɓe hannun majalisar dattawa a shekara ta 14 Miladiyya, runduna kuma ta sarki ce. Suka yawaita kwansul na ciko, masu karɓa a tsakiyar shekara, har a 190 'yantaccen bawan sarki Kiliyanda ya sayar da kujerar ga mutum ashirin da biyar, cikinsu da Septimiyus Seberus wanda ya zama sarki daga baya. Masu suka na son wannan adadi ƙwarai. Amma su duba da kyau: shekarar 190 sunan mutum biyu kawai ta ɗauka, waɗanda suka buɗe ta a Janairu. An arhanta rigar, an killace sunan. Sarakunan da kansu sunan suke kwaɗayi. Agustus ya riƙe sau goma sha uku, Domitiyan sau goma sha bakwai. Mutum ba ya komawa rumbun da ya san babu hatsi har sau goma sha bakwai.

A ƙarni na huɗu da na biyar ma daraja ta ƙaru. Sabon kwansul kan raba wa manya allunan hauren giwa masu ninki biyu, an sassaƙa shi zaune bisa kujera, sandar girma a hannun hagu, a dama kuma naɗaɗɗen ƙyallen da zai jefa a saki dawakin tsere, a ƙasa ga barori na zazzage buhunan kuɗi. Dokar 384 ta hana sauran masu muƙami raba irin waɗannan alluna. A 476 sarautar daular yamma ta ƙare, amma kwansul ya ci gaba a ƙarƙashin sarakunan Got: masanin falsafa Bowetiyus ya riƙe a 510, 'ya'yansa biyu tare a 522, har zuwa Paulinus a 534. Abin da ake kira gawa ya binne mai gadonsa da kusan shekara sittin.

Akan ce tsada ce ta kashe shi, domin marubucin tarihi Porokopiyus ya ambaci fam dubu biyu na zinariya da wasannin shekara ke ci, kuma yaƙin Italiya ya talauta gidajen da ke iya biya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai gamsar ba. Yawancin kuɗin daga baitulmalin sarki yake fitowa, kuma sarki Jastiniyan, wanda shi kansa ya yi ɓarin dukiya lokacin da ya yi kwansul a 521, ya kafa dokar rage kashe-kashen a 537. Cutar da aka samo wa magani ba ita ce ajali ba. Wata dokar ce ta shekarar, wadda ta fito a ƙarshen Agusta, ta yi aikin: ta ce kowace takarda ta fara da shekarar sarautar sarki, sunan kwansul ya biyo baya. Sarki goma zamani goma ke nan, abin da Rumawa suka shekara dubu suna kaucewa. Shekara huɗu bayan haka, a 541, Basiliyus ya buɗe shekara, Jastiniyan bai sake naɗa kowa ba. Magatakarda daga Italiya har Masar suka ci gaba da rubuta shekara ta kaza bayan kwansul Basiliyus fiye da shekara ashirin, suna ƙirge da sunan mutumin da ya daɗe da tuɓe riga, har Jastin na Biyu ya haɗa muƙamin da sarautarsa a 566. Wajen ƙarshen ƙarni na tara sarki Liyo na Shida ya share shi daga kundin dokoki a Kustantiniyya.