3.2 Tasirin Masu Buga Littafi a Kan Fahimtar Waƙoƙin John Donne

A wannan fasali za a dubi yadda waƙoƙin John Donne (1572-1631), fitaccen mawaƙin Ingila, suka iso hannun masu karatu, da kuma illar da hakan ya yi wa nazarinsu.

A zamanin Donne, masu faɗa a ji a Landan suna kallon buga waƙa don sayarwa a matsayin zubar da girma. Saboda haka yakan rubuta waƙa ne ya ba abokansa, su kuma su kwafa da hannu su ba wasu. Kaɗan ne daga waƙoƙinsa aka buga yana raye, kamar marsiyyoyi biyu da ya yi wa Elizabeth Drury a 1611 da 1612. Su ɗin ma ya nuna nadamar buga su a wata wasiƙa. Wannan ya saɓa wa halin takwaransa Ben Jonson, wanda ya tattara ayyukansa da kansa aka buga su a 1616.

Sai a 1633, wato shekara biyu bayan rasuwarsa, John Marriot ya fitar da diwaninsa. A bugu na biyu, na 1635, aka sake jera waƙoƙin bisa jigo: na soyayya a farko, na addini a ƙarshe. Wannan jeri, tare da tarihin Donne da Izaak Walton ya rubuta a 1640, su suka ƙarfafa ra'ayin cewa mawaƙin mutum biyu ne, wato saurayi mai shashanci da kuma dattijon malamin coci da ya tuba.

Ko da yake shi kansa Donne ya taɓa bambanta ƙuruciyarsa da girmansa, waƙoƙin ba su rabu gida biyu haka ba. An naɗa shi limamin coci a 1615, amma manazarta irin su Helen Gardner sun nuna cewa da yawa daga gajerun waƙoƙinsa na addini, masu ɗango 14, an yi su ne tun wajen 1609. Haka kuma, idan aka lura da salo, za a ga yana aron kalmomin addini ya siffanta masoya, sannan ya yi wa Ubangiji magana da harshen mai bege. Dabarar kamance ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

A taƙaice, duk mai nazarin da ya ɗauki jerin 1635 a matsayin tarihin rayuwar mawaƙin, to hukuncin masu buga littafi ya ɗauka, ba na Donne ba. Wannan ne ya sa tun daga bugun Herbert Grierson na 1912 manazarta ke komawa ga rubuce-rubucen hannu kafin su yanke hukunci a kan jigo ko lokacin da aka yi wata waƙa.