Sukari a ƙanƙarar tauraro mai wutsiya: me gwajin 2016 ya tabbatar?

A watan Afrilun 2016 mujallar Science ta wallafa wani bincike da Cornelia Meinert da abokan aikinta suka yi a Faransa. Sun haɗa ƙanƙara a ɗakin gwaji irin wadda ake zaton taurari masu wutsiya sun samo asali daga gare ta, sai suka tarar da ribos a ciki. Ribos wani nau'in sukari ne, kuma shi ne ƙashin bayan RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin kowace ƙwayar halitta. Nan da nan kafafen labarai suka ɗauka, wasu har da cewa an gano inda rai ya samo tubalinsa. To, bari mu duba aikin da kansa.

Ga yadda suka yi. An zuƙe iskar wani ɗan akwati, aka sanyaya shi zuwa kusan digiri 195 ƙasa da sifili. Sai aka riƙa sakin tururin ruwa da metanol da amoniya suna daskarewa, ana haska su da fitilar UV wadda ke kwaikwayon hasken taurari. Daga baya aka bar ƙanƙarar ta ɗumama, aka ɗauki ɗan dattin da ya rage aka tantance.

Abin yabo a aikin shi ne dabarar da suka yi wa gurɓata. Sukari fa yana ko'ina, har a yatsan mai bincike. Don haka metanol ɗin da suka zuba an yi shi ne da kabon-13, wanda ya ɗan fi kabon na yau da kullum nauyi. Ribos ɗin da suka samu yana ɗauke da wannan alama, wato a cikin gwajin ya haɗu, ba daga waje ya shigo ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba a musa ta.

Matsalar tana wurin fassara. Na farko, lokaci. Ƙanƙarar sararin samaniya tana shan haske kaɗan-kaɗan tsawon miliyoyin shekaru, a ɗakin gwaji kuwa ana ɗura mata shi cikin kwanaki. Ana ɗauka cewa jimillar hasken ce abin lura, ba saurinsa ba. Amma duk mai girki ya san tuwon da aka yi wa wuta da yawa cikin gaggawa ba ɗaya yake da wanda ya dahu a hankali ba. Idan haske ya yi yawa, gutsattsarin sinadaran da ya farfasa suna cin karo da juna fiye da yadda za su yi a sarari.

Na biyu, kayan haɗin. Metanol ɗin gwajin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, alhali a taurari masu wutsiya da aka auna bai cika wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba. Kuma babu iskar kabon-dayoksaid a haɗin, ga shi tana da yawa a ƙanƙarar gaske.

Na uku, ba a ga ribos ɗin a cikin sanyi ba. An gan shi ne bayan an ɗumama ƙanƙarar an kuma jiƙa ragowar da ruwa. Yaushe ya haɗu ke nan? Gwajin bai raba gardamar ba.

Kumbon Rosetta, wanda ya raka tauraron 67P daga 2014 zuwa 2016, ya nuna amfanin yin taka-tsantsan. Ya gano gilisin, sinadarin da gwaje-gwajen ƙanƙara suka daɗe suna samarwa, kun ga an dace a nan. Amma ya kuma tarar da iskar oksijin mai yawa da masana ba su yi tsammani ba. A 2019 kuma Yoshihiro Furukawa da tawagarsa suka samu ribos a cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, ciki har da na Murchison, sai dai waɗannan ɓaraguzan manyan duwatsun sarari ne, ba taurari masu wutsiya ba.

Saboda haka hukuncinmu shi ne: aikin Meinert ya nuna cewa ƙanƙara da haske kaɗai suna iya haifar da ribos ba tare da wani abu mai rai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko hakan ya faru a cikin tauraro mai wutsiya na gaske, sai ranar da aka ɗebo ƙanƙararsa a daskare aka kawo ta duniya aka auna.