Basic Emergency Care: Littafin da Ya Cancanci Zama a Wayar Kowane Ma'aikacin Agaji

Ɗan'uwa, in dai kana aikin motar asibiti, ko kana ɗakin agajin gaggawa, ko kuwa kai ne nas ɗin da maƙwabta ke buga wa ƙofa da tsakar dare, to nemi Basic Emergency Care yau ɗin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ƙungiyar agaji ta ICRC ne suka fitar da shi a 2018, suka ɗora a intanet kyauta. Ko sisi ba a biya! Data kaɗan za ka sa ka sauke shi, daga nan ko babu sabis, ko an ɗauke wuta, yana aljihunka. Wallahi ban taɓa karanta littafin aiki da ya kwanta min a rai kamarsa ba.

Mu mazauna unguwar Abakpa Nike mun san gaggawa. Babban Asibitin Ƙashi na nan kusa da mu ta hanyar Abakaliki, asibitin Parklane na cikin gari, asibitin UNTH kuwa sai an dangana da Ituku-Ozalla. Amma daga gangaren Ugwu Onyeama, inda manyan motoci ke yawan ƙwacewa, zuwa ƙofar asibiti akwai tafiya, akwai cunkoso. Hannun da ya fara taɓa majinyaci a wannan tsakanin shi littafin nan ke koyarwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake nuna maka inda za ka fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai haɗari ya san yadda ido ke rugawa wurin ƙafar da ta karye, jama'a na ihu, kowa na ba da tasa shawarar. Littafin ya ba ka jeri guda mai haruffa biyar, ABCDE, kowane harafi mataki ɗaya. Hanyar iska tukuna: yana iya magana? In ba ya hayyacinsa kuma ana zargin wuya ya bugu, kada ka lanƙwasa kansa baya, sa yatsu bayan muƙamuƙi ka turo shi gaba. Sai numfashi: ƙirga shi, kalli ƙirji ko ɓangarorin biyu na tashi tare. Sai jini: danne inda yake zuba da ƙarfi, matsa farce ka saki, in launi ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, akwai matsala. Sannan hayyaci, kuma a nan ne ya ce kada ka manta da gwada suga, don mutum na iya sumewa saboda sugansa ya faɗi kawai. A ƙarshe a duba jiki gaba da baya. Kuma duk abin da ka tarar, ka gyara shi kafin ka matsa gaba. Kai, wannan tsari ya yi!

Ga shi kuma an rubuta shi da sanin halinmu. Bai ɗauka kana da na'urori jibge a gefenka ba. Rauni, wahalar numfashi, raguwar jinin da ke kaiwa ga gaɓoɓi, da gushewar hankali, su huɗun nan ya bi dalla-dalla, kowanne da abin da ya bambanta yaro da babba. Har mai juna biyu bai manta da ita ba: a kwantar da ita ta gefen hagu. Ya kuma koya maka yadda za ka miƙa majinyaci ga likita da bayani a tsare, ba kame-kame ba, abin da da yawa daga cikinmu muka daɗe muna buƙata.

Mai son ƙari, musamman karatun hoton bugun zuciya, ya leƙa shafin Life in the Fast Lane na likitocin Ostireliya, shi ma kyauta ne. Amma da littafin nan za a fara.

Karatu ba ya maye gurbin horo da hannu, shi ya sa mukan zauna da abokan aiki, wannan ya kwanta a tabarma, wancan ya gwada a kansa. Akwai kuma 'yan katunan tunatarwa da ke tare da littafin. Kai su shagon buga takardu, a lulluɓe su da leda, ka manna ɗaya a cikin motar asibiti daidai inda idonka zai sauka.