Sunan Kasuwa da Sunan Itace: Sharhi a kan Jerin Tsirran Kurmi na Dalziel

Duk mai nazarin sunayen tsirrai da Hausa, tilas ya bi ta ƙofar J. M. Dalziel, likitan da ya soma aiki a Nijeriya ta Arewa a 1905. Shi ya wallafa ƙaramin ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya fito da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill na lambun Kew ya sabunta cikin juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004. Aiki ne na haƙuri, kuma har yanzu shi ne madogara. Ƙorafinmu a kan ɓangare guda ne, wato tsirran kurmi.

Tsarin littafin shi ne a kawo sunan Latin, a jero sunayen gida a ƙarƙashinsa, ƙasa bayan ƙasa, harshe bayan harshe. A itatuwan dajinmu tsarin ya dace. Bahaushen Maradi ko na Damagaram da ya ce gawo, ko aduwa, ko sabara, ya san saiwa da ɓawo da ganye, ya san lokacin fure, ya san abin da dabba ke ci a jiki. Sunan na itace ne gaba ɗaya.

A kurmi kuwa al'amarin dabam yake. Kimba, masoro, citta, goro, namijin goro: dukkansu Hausa ce tsantsa, amma sunayen haja ne. Fatake sun ɗauko su daga Gwanja da kudancin Kwara a busashe ko a cikin huhu, kuma mafi yawan masu faɗin sunan ba su taɓa tsayawa a gindin itacen ba. Idan jeri ya ajiye kimba kafaɗa da kafaɗa da sunan Yarbanci ko na Tuwi, mai karatu zai ɗauka ilimin iri ɗaya ne, alhali ɗaya shaidar zama da itace ce, ɗayar kuma shaidar ciniki.

Illar hakan ta fito fili a wurare biyu. Citta a bakin mai koli ta haɗa tsiro biyu, mai ƙwaya (Aframomum melegueta) da mai yatsu, wadda asalinta ma daga Asiya ne. Namijin goro kuma (Garcinia kola) ba shi da dangantaka da goro (Cola nitida) a wajen masanan tsirrai. Taunawa da faifan mai talla suka haɗa su. Ga kuma tsohuwar matsala, cewa ƙamus na 1916 bai nuna karin sauti ba, domin sai a 1934 Bargery ya shimfiɗa wannan hanya.

Ba zancen tarihi kaɗai muke yi ba, tun da ƙidayar tsirran kurmi ba ta ƙare ba. A 2022 masanan Kew da na Kamaru sun bayyana sabon itace daga kurmin Ebo, suka raɗa masa Uvariopsis dicaprio, don girmama wani ɗan wasan Amurka. Abin sha'awa, dangin kimba ne da gwandar daji. Muddin ana shiga irin waɗannan kurame da jagora da ƴan dako, za a ci gaba da rubuta sunaye daga bakin wanda ya fi kusa, ko ɗan wurin ne ko baƙo.

Saboda haka muna ganin ya kamata kowane suna ya zo da garin da aka ji shi, da harshen uwa na wanda ya faɗa, da sashen tsiron da yake nufi. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci kuma, in za su ɗebo daga Dalziel, su sa kimba da masoro a darasin kasuwa da girki, su bar wa gawo da sabara darasin itatuwa.