Linzamin Izga na Gidajen Yarin Amurka

Cikin kayan doki da masu tara kayan tarihi ke ribibi a Amurka, babu kamar linzamin izga wanda fursunoni suka saƙa a gidajen yarin yammacin ƙasar, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon ƙarni na 20. Waɗanda suka fi shahara su ne na Diya Loj a Jihar Montana, inda aka buɗe kurkuku a 1871, da na Yuma a Arizona, 1876 zuwa 1909, da na Rolins a Wayomin, 1901 zuwa 1981.

Ga yadda aikin yake. Za a tsinko izgar doki, a wanke, a rina, a murɗa 'yan silalai su zama igiya siririya. Sa'an nan a naɗa zare a jikin sanda, a riƙa ƙulla izgar a kansa, ƙulli bayan ƙulli, har zane ya fito. In an gama sai a zare sandan, a jiƙa saƙar, a danne ta da ƙarfe ta miƙe. Linzami guda da kamazurunsa ya kan ci watanni.

To, a nan kyaun aikin yake. Mai sana'a a kasuwa ba ya iya ba da watanni ga linzami ɗaya, don yunwa za ta kore shi. Amma ɗan sarƙa ba shi da dukiyar da ta fi lokaci, shi ya sa ƙullinsa ya kan yi daidai, launi ya bi launi ba tuntuɓe. Aibinsa ɗaya ne: sau da yawa ado ya rinjayi amfani, har linzamin ya fi dacewa da rataya a bango bisa ga bakin doki.

Abin takaici kuwa shi ne batun suna. A wurin gwanjo a kan dubi zane da launi a ce wannan na Diya Loj ne, wancan na Rolins, sai ka ce ganuwar ce ta yi saƙar. Mafi yawan masaƙan ba su bar suna ba. Sun sayar wa baƙi a kan kuɗi kaɗan, ga shi yau kayan na tashi a dubban daloli. Lalle wanda ya yaba linzamin nan ya kamata ya tuna akwai hannun da ya ƙulla shi, ko da kuwa hannun mai laifi ne.