Daren Juma'a a Dandalin Tozai: Sharhi a Kan Waƙar Gaɗa

Akwai wata al'ada da muka ɗauka a wannan ƙungiya tamu, wadda na daɗe ina son in tanka a kanta. Duk lokacin da aka ce a kawo misalin waƙar baka daga ƙasar Gobir, to ba a wuce Ibrahim Narambaɗa Tubali. Sai a ɗauko Bakandamiya a feɗe ta, a fito da jigo, a fito da salo, a yi ta jinjina wa Sarkin Gobir na Isa Amadu da makaɗinsa. Ba ni da ja a kan wannan, ai ni ma ɗan ƙasar Isa ne, kuma da sautin kotson Narambaɗa a rediyo aka yaye ni. Amma ran nan da na ce a zauren muhawara ya kamata mu waiwayi waƙoƙin gaɗa na 'yan matan yankin, sai wani ɗan'uwa ɗalibi ya miƙe ya ce gaɗa shashancin yara ce, kuma ma addini ya riga ya kawar da ita. Aka yi dariya, lokaci ya ƙure, aka tashi. To ga amsata a rubuce.

Bari in fara kwatanta wa mai karatu yadda ƙarshen mako yake a Tozai lokacin ƙuruciyarmu, domin wanda bai san inda ake yin waƙa ba, da wuya ya yi mata hukuncin adalci. Asabar da Lahadi hutun ma'aikata ne da 'yan boko. Mu namu hutun Alhamis da Juma'a ne, ranakun da ake jingine allo. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, saboda haka da la'asar sakaliya za ka ga mutane suna dawowa da tsaraba, samari sun sayo ɗan turare da goro, 'yan mata sun ƙirga cinikin tallarsu sun miƙa wa iyaye. Bayan an idar da sallar isha'i, in an yi sa'ar farin wata, sai ka ji tafi ya tashi daga wajen dandali. Wannan daren kuwa shi Bahaushe ke kira daren Juma'a.

'Yan mata kan tsaya kafaɗa da kafaɗa, su yi baka kamar jinjirin wata. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su karɓa, ana tafi. Sai wata ta fito tsakiya ta taka, ta juya wa ƙawayenta baya, ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗo kansu, su kuwa su cafe ta su cilla ta sama, ta dira, wata ta shigo. Babu ganga, babu kalangu, babu namiji a cikin da'irar. Mu samari muna can gefe a gindin bishiya, kowa da abokinsa, muna yi kamar hira muke yi alhali kunnuwanmu na wajen waƙar. Akwai sarkin samari, wanda in yaro ya ƙetare iyaka ya ci shi tarar goro, akwai kuma tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida, waɗanda da sun yi gyaran murya an san dare ya yi. Washegari waɗannan samarin su ne za su yi wanka su bi iyayensu masallacin Juma'a, waɗannan 'yan matan kuma su ne za su sha kitso da lalle su fita gaishe da dangi. Ba mu taɓa jin cewa mun raba kanmu biyu ba, rabi na dandali rabi na masallaci.

To, mene ne adabi a cikin wannan? Abu na farko shi ne zubi. Waƙar gaɗa tana da mai bayarwa da 'yan karɓi, daidai da yadda makaɗin fada yake da nasa 'yan karɓin. Ɗan da mai bayarwa ke kawowa gajere ne, amshi kuwa ba ya sauyawa, tafi shi ne ke riƙe da kari. Abin da na lura da shi, wanda ban ga masu rubutu sun kula da shi ba, shi ne cewa tsawon ɗan waƙar daidai yake da tsawon takun mai rawa. Inda mai bayarwa ta dire, nan yarinya ke sakin jiki, amshi kuma ya zo daidai lokacin da hannuwa suka tare ta. Ke nan idan 'yan karɓi suka yi jinkirin gaɓa ɗaya, ƙeyar ƙawarsu ce za ta sha ƙasa. Ban san wata waƙar Hausa da kuskuren kari ke jawo targaɗe ba sai wannan.

Abu na biyu jigo. Makaɗin fada yana da ubangida, daga gare shi yake samun doki da riga, don haka duk gwanintarsa ba ya faɗin abin da zai ɓata wa fada rai. Yarinyar gaɗa ba ta jiran kyautar kowa. Shi ya sa a bakinta ake jin abin da ba a ji a ko'ina: tsohon da ya kawo kuɗi gidansu yana son a ba shi ita, saurayin da ya tafi cin rani Ikko ko Ibadan ya yi shiru, uwar miji, kishiyar da ba a ma kai ga haɗuwa da ita ba, da fargabar ranar da za a kai ta wani gari inda ba ta san kowa ba. A cikin gida, kunya ta hana budurwa ta buɗe baki a kan aurenta a gaban mahaifinta. A dandali sai ta sakaya sunan, ta yi habaici, ƙawaye ashirin su karɓa mata, maganar ta zama ta kowa, ba wanda za a kama. Amma uwarta na jin ta daga bayan danga, kuma ta gane. Na san auren da aka fasa a unguwarmu ta wannan hanya, ba tare da yarinyar ta ce wa kowa uffan ba.

Rubutaccen adabinmu ya daɗe kafin ya kamo wannan murya. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, an raba Zainab da Abubakar saboda dukiyar Malam Shehu, amma littafin ya bi Abubakar da neman fansarsa, ya bar Zainab a baya. Sai a 1980 Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya, a 1990 kuma Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila? inda aka ji kukan yarinyar daga bakin mace. Abin da waɗannan marubuta suka sa a takarda, kakanninmu mata sun riga sun yi ta rera shi da tafi. Wanda yake shakka ya duba labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, ya ga irin matsayin da ƙawance da wasan 'yan mata suke da shi a rayuwar Bahaushiya ta wancan zamani.

Ba na cewa gaɗa ba ta da aibu. Tana da maimaici mai gundura, kuma sau da yawa akan lanƙwasa kalma ko a cusa sautin da ba shi da ma'ana don kawai a cike kari. Zambonta kan yi muni, musamman a kan nakasassu da tsofaffi da mutanen garin maƙwabta. Abin da ya fi damuna shi ne, bayan duk ƙorafin, yawancin waƙoƙin kan ƙare da sallamawa, a ce haƙuri, a ce haka Allah ya rubuta. Sai dai wanda zai yi wannan suka dole ya fara yarda cewa waƙa ce yake suka.

Saura maganar addini, wadda ita ce ƙashin bayan hujjar ɗan'uwana. Gaskiya ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki cakuɗuwar maza da mata a wuraren biki da kiɗa, kuma a ƙasarmu ta Gobir ya fara wannan kira, ga kufan Alƙalawa da aka ci a 1808 nan kusa da mu. Gaskiya ne kuma dandali ba gaɗa kaɗai ake yi a cikinsa ba. Akwai daren da masu kalangu ke zuwa, a yi rawa a yi liƙi, akwai kuma tsarance, wanda ba mai hankalin da zai kare shi. Masu wa'azin da suka yawaita bayan kafa Izala a Jos a 1978, da hukumomin da suka biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Jihar Sakkwato a 2000, suna da abin nunawa. Kuskuren da nake gani shi ne an haɗa gaɗa da kalangu da tsarance an yi musu kuɗin goro. Shehu kuwa ba haka yake hukunci ba. A shekarun 1780, yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa. Amsar da ƙanensa Abdullahi ya bayar, wadda ke cikin Tazyinul Waraƙati, ita ce a auna ɓarna biyu, domin barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. Da an yi irin wannan awo a kan gaɗa, da an tambaya: in an rufe wa yarinya wannan kafa, ta ina za ta yi magana?

Wannan tambaya ta abin da za a yi da daren samari da 'yan mata ba mu kaɗai ta dama ba, kuma akwai waɗanda suka ba ta wata amsa dabam. A Amurka akwai wata ɗariƙar Kirista da aka fi sani da Mormon, wadda Brigham Young ya kai mabiyanta yankin Utah a 1847. Mutane ne masu tsanani, ba giya, ba taba, ba ko shayi da kofi. Amma tun zamanin Young ba su hana rawa ba, sai suka jawo ta cikin harabar majami'a. Yaron da ya kai shekara 14 kan je rawar matasa da daren Asabar a zauren cocinsu, a buɗe da addu'a a rufe da addu'a, manya na tsaye suna kallo, ga kuma ɗan littafin ladubba da suka fara bugawa a 1965. Da safe ya sa farar riga ya tafi ibadar Lahadi tare da waɗanda suka yi rawar. Sun shigo Nijeriya a hukumance a 1978, suna kuma da babban ɗakin ibada a Aba tun 2005. Ba ina cewa mu kwaikwaye su ba ne, rawarsu ta namiji da mace ce, abin da addininmu da al'adarmu ba su yarda da shi ba. Na kawo su ne don a ga cewa abin da suka zauna suka tsara a rubuce, wato iyaka da lokaci da idon manya, Tozai tana da shi tun tuni, kuma namu ya fi nasu tsari, tunda mata zalla ne a fage.

Mu ɗalibai ma muna da namu laifin. Idan an tura mu tattaro waƙoƙin dandali don kundin digiri, sai mu zaunar da tsohuwa a ɗaki ta faɗa muna rubutawa, ba tafi ba amshi. Sa'an nan mu dawo mu goge Gobirancin mu mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Inda ta ce ɗiyata, gaɓa uku, mu rubuta 'yata, gaɓa biyu, kari ya karye. Daga nan wani ya karanta gawar da muka kawo ya ce ai ba wata fasaha a ciki.

Yanzu ma maganar ta wuce ta wa'azi. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, aka kuma yanke layin waya a can da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Dubban mutanenmu sun ƙetara jihar Maraɗi, wasu sun watsu cikin garuruwa. Garin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, wa zai bar 'yarsa ta fita tafi da dare? Matan da suka haddace waɗannan waƙoƙi kuwa tsufa suke yi, kuma ba a wuri ɗaya suke ba.

Gwaggona na cikin waɗanda suka baro gida, tana zaune yanzu a wani ɗakin haya a bayan garin Sakkwato. A zamaninta ita ce mai bayarwa a unguwarmu. Na je da wayata na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, so nake ki yi mini waƙar gaɗa in ɗauka." Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da ita?" Da na matsa sai ta gyara zama ta ba da ɗa ɗaya, muryar na nan garau, ta tsaya tana jira. Ba wanda ya karɓa. Na yi ƙoƙarin yin tafi, ta ɗaga mini hannu ta ce tafin maza ba ya ɗaukar waƙa. Ta leƙa tsakar gida ta kira jikokin maƙwabta su huɗu, amma ba wadda ta san amshin. Ta ce in tafi in dawo ranar Alhamis, kafin nan za ta koya musu, in kuma taho da goro.