Aska takwas a kan kwamfuta: zane na ƙaruwa, zare na nan yadda yake

Da azumi ya shiga goman ƙarshe, injinan ɗinkin kwamfuta a Kano ba sa samun hutu. A irin wannan lokaci ne magidanci zai shigo da shadda iri ɗaya kashi biyu, tasa da ta ɗansa mai shekara biyar, ya ce anko yake so, aikin wuyan ma ya zama iri ɗaya. Yaron shago zai buɗe zanen a kwamfuta, ya kama kusurwarsa da linzami, ya ja shi ciki har ya dawo rabi. Aikin daƙiƙa biyu. A fuskar kwamfuta zanen ya fito tsaf. A kan yadi kuwa sai zare ya yi ta tsinkewa, ƙirjin rigar yaro ya fito da tauri kamar ƙirgi, gefen aikin duk ya tattare.

Ba inji ne ya lalace ba, lissafi ne aka tsallake.

Manhajojin zane irin su AutoCAD, wadda ta fito a 1982, da CorelDRAW ta 1989, ba hoto suke ajiyewa ba. Lissafin layi suke ajiyewa: ga inda ya faro, ga inda ya lanƙwasa, ga inda ya tsaya. Dabarar lanƙwasar ta yi suna ne daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, a shekarun 1960. Shi ya sa mai buga allon talla zai ɗauki dagi ɗan mitsitsi ya mayar da shi girman bango, bakin layin bai dushe ba. Abin kiyayewa kawai shi ne inda aka kama. A CorelDRAW, in aka ja kusurwa tsawo da faɗi tare suke tafiya, in aka ja gefe kuwa ɗaya ne ke miƙewa. Duk wanda ya taɓa ganin tambari a bayan riga ya koma kamar ƙwai, ko fuskar ango ta baje a kalandar biki, ya ga aikin jan gefe.

Ɗinki ya fi wannan wuya, domin layi ba shi da kauri amma zare yana da shi. Zaren da aka fi amfani da shi, mai lamba 40, ana jera shi ne da tazarar da ba ta wuce kusan milimita 0.4 ba. Fayil irin DST na injinan Tajima, wanda shi ne ke yawo daga filashi zuwa filashi, bai san da'ira ko aska ba. Abin da ya sani shi ne wuraren da allura za ta soka, ɗaya bayan ɗaya. In aka rage zanen zuwa rabi, yawan sukar bai ragu ba, tazarar ce ta koma 0.2, allura tana faɗawa kan zaren da ta riga ta shimfiɗa, tana huda shaddar har ta raunana. In aka ninka shi biyu, tazarar ta zama 0.8, yadi yana leƙowa ta tsakanin zare, dogayen suka kuma suna saɓule da an yi wanki ɗaya. Ga kuma abin da masu shago da yawa ba sa sakawa a lissafin kuɗin aiki: zanen da aka ninka tsawonsa da faɗinsa sau biyu, filinsa sau huɗu ya ƙaru, don haka in za a cike shi da tazarar da ta dace, zare da lokacin inji ma wajen sau huɗu yake ci. Saboda haka ne masana aikin ke cewa kada a ƙara ko a rage irin wannan fayil fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Wanda ke da asalin zanen a manhaja irin Wilcom, inda siffar take a ajiye, shi ne zai iya sa kwamfuta ta sake lissafa sukar daga farko.

Abin sha'awa, birnin Kano da ke da unguwa sukutum mai suna Soron Ɗinki, da Kasuwar Kurmi da ake cinikin riguna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya daɗe da warware wannan matsala ba tare da kwamfuta ba. A aikin hannu, malami ne ke zana aikin da alƙalami da tawada a kan yadin kansa, sannan maɗinki ya bi da allura. Mai zanen yana ganin rigar a shimfiɗe gabansa, yana auna ta da taƙi da yatsa. In rigar ƙarama ce, ba ya matse aska takwas ya cusa ta, sai ya koma aska biyu ko ya zubar da wasu ƙananan gidajen. In girke ce ta basarake, ƙara gidaje yake yi, ya faɗaɗa tambari, amma tsawon sukar yana nan daidai da abin da zaren tsamiya zai iya ɗauka. Wuyan riga kuma ba ya bin girman zane, kan mai riga yake bi. Wuyan yaro bai kai na babansa ba, amma ai ba rabinsa ba ne, kuma nan ne jan kusurwa ya fi kunyata mai shago.

Ɗinkin kwamfuta ya yi rana. Ya sauko da aikin da a da sai mai hali zuwa ga ɗan makaranta da ɗan kasuwa, aikin watanni ya koma na awoyi. Inda ya gaza shi ne yawancin masu zama gaban injin sun koyi danna maɓalli, ba su koyi zane ba, kuma zanen da suke juyawa kwafi ne na kwafi wanda asalinsa ya ɓace. Su kuwa dattawan da suka san abin da ake zubarwa da abin da ake bari in riga ta ƙanƙance, ba kasafai ake tuntuɓarsu ba.

Mai kai ɗinkin Sallah, in an ce za a rage masa zane ko a ƙara, ya nemi a fara bugawa a kan ƙyallen shaddar da ya rage, ya murza shi a hannu ya ji, kafin a ɗaura rigar a inji.